Sakatar Da Tela Ya Sa Min

Ku da kuke min tsiya a ƙasan rubutuna, kuna cewa wace irin amarya ce saura sati biyar bikinta amma ba ta da zance sai na banɗaki, to yau ku gyara zama. Zan faɗa muku abin da ko aminiyata ba ta sani ba. In kun gama karantawa kuna da sauran dariya, ku yi abinku.

Banɗakin gidanmu ba shi da sakata. Ƙofarsa waje take buɗewa, kuma a gefenta akwai wata 'yar kujerar katako da Umma ke zama duk sanda na shiga wanka. Tana zaune tana jan carbi ko tana yanke farce, jim kaɗan ta ce, "Auta?" in ce, "Na'am." Jim kaɗan kuma ta sake. Shekara tara ke nan muna haka, domin ina da farfaɗiya.

To, na rubuta kalmar, ba kuma zan goge ba.

Ina 'yar shekara goma sha biyar ta fara kayar da ni, kuma a banɗaki ne. Lokacin ƙofar ciki take buɗewa, na kuma danna sakata kamar kowa. Marigayi Baba ya ɓalle sakatar da guduma, amma ƙofar ta ƙi motsi, don ni ce kwance a bayanta, kaina dab da bahon ruwa. Sai da ya cire ƙofar ɗungurugum. Har yau akwai tabo a ƙasan haɓata, shi ya sa ba na ɗaga kai a hoto. A ranar Baba ya juya ƙofar, ya fitar da bahon waje, ya sa aka yi wa daɓen kaushi, ya jefa sakatar a shara. Ina shan magani safe da yamma, yau shekara ɗaya da wata bakwai ban faɗi ba. Likita ya ce madalla, amma kada in kuskura in kulle kaina a ɗaki mai ruwa.

Akwai wanda ya fara nemana kafin Tela, wanda zan aura. Na gaya masa gaskiya da bakina, ya ce ba komai, ciwo ai na Allah ne. Kwana shida bayan nan yayarsa ta aiko wa Gwaggo, ƙanwar Babana, cewa sun yi shawara. Tun ranar Gwaggo ta kafa doka a gidanmu: duk wanda ya sake zuwa, bakin kowa ya mutu sai an ɗaura aure.

Sai ga Tela. Ina aiki a wani shagon zare da maɓallai, shi kuma shagonsa na ɗinkin maza yana tsallaken titi. Mutumin nan kullum sai ya zo sayen maɓalli, yau dozin, gobe dozin, har mai shagon ta ce min, "Ke, wannan ko rigar duk garin yake ɗinkawa ai ya ci a ce sun ishe shi." Dogo ne siriri, tef ɗin awo a wuya ko ina za shi, alli a bayan kunne. Komai na duniya sai ya auna. Ya taɓa auna min tsawon gaisuwar mai shagonmu da agogo, ya ce minti huɗu ce ba ragi. Ina son sa, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Ina son sa har ina jin haushin kaina.

Ranar da ya fara zuwa gaida Umma ya nemi wurin alwala, aka nuna masa banɗakinmu. Yana komawa shago saƙonsa ya shigo wayata:

"Auta, da hannu ɗaya na yi alwala a gidanku, ɗayan yana riƙe da ƙofa."

Kafin in ba shi amsa wani ya biyo:

"Ki kwantar da hankalinki. A gidanmu sakatar da zan sa miki, ko ƙato goma ba za su ɓalle ta ba."

Na tura masa fuskar dariya guda uku. Sannan na kife wayar a kan kantar shagonmu, na shiga bayan kwalayen zare na yi kukana.

Gidan da za mu zauna saman benen mahaifiyarsa ne, wadda kowa ke ce wa Mama. Ciki da falo ne, da ɗan lungu, da wani ƙaramin sito. Ba banɗaki a saman, don haka ya yanki wuri tsakanin uwar ɗaka da siton ya ce nan za a yi. Siton kuwa ya riga ya yi masa aiki a ransa: nan zai ajiye keken ɗinkinsa na biyu, ya riƙa ɗinkin safe a gida, yana jin motsina a falo. Ya faɗa min haka ya fi sau ashirin, har launin labulen da zai sa ya zaɓa.

Wata Talata da rana ya turo min hoton zane a bayan kwalin yadi, da alli shuɗi, kowane layi da lambarsa.

"Tsawo inci sittin, tef ɗaya cif. Faɗi arba'in da takwas. Kin ga masai a gicciye, don kada ya kalli alƙibla ko ya ba ta baya. Wurin wanke hannu yana dama da shiga. Shawa a ƙurya. Duro a ɗaya ƙuryar saboda ranar da famfo ya yi yaji. Tayil fari mai sheƙi, ki riƙa ganin fuskarki a ƙasa. Ya kika gani, ranki ya daɗe?"

Na buɗa hoton da yatsu biyu ina kallo. Wallahi ya yi ƙoƙari, ko inci ɗaya bai yi asara ba. Amma ni abin da nake gani daban: kusurwar wurin wanke hannu daidai goshina, duro cike da ruwa, santsi, da wani ɗan lanƙwasasshen layi da ya ja a bakin ƙofa yana nuna ciki za ta buɗe.

Na fara da mai sauƙi. "A sa tayil mai kaushi, ba na son mai sheƙi."

"Mai kaushi yana riƙe datti fa."

"Ni zan wanke, ba kai ba."

"An gama."

Washegari na ce a fitar da duron lungu. Ya ce haba, kullum sai an yi jigilar bokiti? Na ce eh. Ya turo fuskar mai dafe kai, ya ce an gama. Rana ta uku na yi bismilla na rubuta: "Ƙofar ta buɗe waje."

Nan ya kira ni, bai tsaya rubutu ba.

"Auta, ba zai yiwu ba. Tsakanin ƙofar da gado inci ashirin ne, ƙofar kuma talatin ce. Sau uku na auna."

"A matsar da gadon."

"Zuwa ina? Sif yana can, taga tana nan. Gwaggonki ce fa ta ba kafinta awon gadon, har an yanka katako."

"To a bar ƙofar, a sa labule."

Ya yi dariya har da tari. "Labule a banɗakin amarya? So kike a ce Tela ya kasa sayen ƙofa ya ɗinka? Wai me ƙofar nan ta yi miki ne?"

Na ce ba komai, ra'ayi ne kawai. Ya ce to wannan karon ra'ayi zai yi haƙuri, lissafi ya fi ƙarfinsa.

Da yamma na tarar da Gwaggo a ɗakin Umma, ta baje samfurin yadin labule a kan gado. Gwaggo ba muguwa ba ce, kada ku zage ta. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, ita ta kwana da ni a asibiti. Sai dai in ta yanke magana, ta yanku. Na zauna a ƙasa na ce, "Gwaggo, ina ga zan gaya masa."

Ta ajiye yadin. "Ki gaya masa me?"

"Ƙofar banɗakin ciki take buɗewa. Ba yadda zan sa ya canza sai ya san dalili."

"Ikon Allah! Saboda ƙofa za ki rusa aurenki? Ke kin fi kowa gaskiya ko? Wancan da kika yi wa gaskiyar yana ina? 'Ya'yansa biyu yanzu. Kina shan maganinki, kin kusa shekara biyu lafiya lau. Ki shiga ɗakinki tukuna, in ya gani daga baya ya gani, lokacin ya san darajarki."

"In kuma a bayan ƙofa ya gani fa?"

"Bakinki ya sari... kai, Allah ya kiyaye! Ke dai kada ki sa sakata, shi ke nan. Wa zai tilasta miki?"

Umma kuwa duk wannan lokacin tana ta linke wani yadi da ta riga ta linke. Sai da Gwaggo ta fita amsa waya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni abin da ke hana ni barci, Auta, kujerar nan ce. Can wa zai zauna a kanta?"

Ba ta jira amsata ba, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Da aikin banɗakin ya kusa ƙarewa, wata Asabar da hantsi muka je ganin gidan ni da Gwaggo, za ta auna tagogi. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi fari, da takalmi mara tsini saboda bene. Muka gaida Mama a ƙasa, ta riƙe hannuna tana ce min 'yata, ta ce mu hau za ta biyo mu da abin sha. Matakala goma sha huɗu ce, Tela ya taɓa gaya min.

Sama duk ƙurar siminti, buhuna a jingine, guduma da cebur a falo, magini ya tafi cin abinci. Gwaggo ta ciro igiyar awonta ta nufi tagar falo. Shi kuwa Tela sai murmushi yake kamar wanda aka yi wa albishir, ya ce in zo in ga wani abu.

Banɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tayil mai kaushi ruwan ƙasa, kamar yadda na ce. Ba duro. An kafa masai, an kafa wurin wanke hannu, an rataya ƙofa sabuwa tana warin fenti. Ya tura ta ciki ya ce, "Leƙa bayanta."

Sakata ce ruwan zinare, mai kauri kamar babban yatsana, da noti shida.

"Da hannuna na ɗaura ta jiya," in ji shi. "Kasuwa uku na zaga. Na yi miki alkawari ko ban yi ba? Shiga ki gwada, ki ji ƙararta."

"Na gani ai, ta yi kyau."

"Haba Auta, shiga mana. Shekara nawa kina wanka da fargaba? Yau dai ki ji yadda masu sakata suke ji."

Daga falo Gwaggo ta ɗaga murya, "Shiga mana ki gwada, ya yi wahala." Na san abin da take nufi: kada ki ba da ƙofar tambaya.

Na shiga. Na tura ƙofar. Na kama sakatar, sanyinta ya ratsa min yatsu, na ja. Ƙas!

Rabona da jin wannan ƙarar daga ciki shekara tara. Na tsaya, bayana a jikin ƙofa, gwiwata ta kusa taɓa masai, kusurwar wurin wanke hannu tana gefen ƙuguna. Ba ciwon ne ya taso ba, na san alamunsa. Tsoro ne zalla. Na kama kaina ina jiran a ce "Auta?" Ba wanda ya ce. Sai muryarsa cike da jin daɗi:

"Ya kika ji? Ja ta in gani, ko motsi ba ta yi ko?" Ya jijjiga ƙofar daga waje. Ko motsi ba ta yi ba.

Ban shirya ba, Allah ya sani. Na dai ga cewa in na buɗe na ga fuskarsa ba zan iya ba har abada. Na juya na jingina goshina da katakon na ce, "Tela, ina da farfaɗiya."

Ban jira ya yi magana ba, na ci gaba.

"Tun ina shekara goma sha biyar. A banɗaki na fara faɗuwa, a bayan ƙofa irin wannan. Ba rashin kuɗin sakata ne ya hana mu sawa ba, Babana ne ya cire ta. Umma zama take a bakin ƙofa tana kirana har in fito. Tayil ɗin, da duron, da ƙofar, duk dalilin ke nan. Ina shan magani. Na so in gaya maka tuntuni, na ji tsoro."

Na ji salatin Gwaggo, na ji igiyarta ta faɗi, na ji takunta da sauri. "Ɗan nan, kada ka biye mata, ai ta warke, tsohon zance ne, yarinta ce ke..."

"Gwaggo, don Allah." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Sannan ya matso jikin ƙofar. "Buɗe. Buɗe yanzun nan."

Yatsuna suka yi ta zamewa kafin sakatar ta fita. Da na buɗe, idonsa ya kaɗa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi a ƙarƙashin tef ɗin.

"Wata goma sha ɗaya," ya ce. "Wata goma sha ɗaya ina zuwa gidanku. Na yi miki ba'ar ƙofarku, kika turo min dariya. Na sa ki kika shiga nan kika kulle, ina tsaye ina washe baki. Da kin faɗi yanzu fa? Da me zan buɗe? Ni na ɗaura ta, na san ba ta ɓalluwa!"

Hawaye suka zubo min. Ya juya ya fita falo. Gwaggo ta dafe bango ta ce a hankali, "Kin kashe mu, Auta. Kin huta." Na tsaya ina sauraron matakala, ina jira in ji ya fara sauka.

Ba sauka ya yi ba. Akwatin kayan magini ya buɗe, na ji ƙarafa suna kara. Ya dawo da sukundireba a hannu ɗaya, guduma a ɗayan, ya ajiye gudumar a ƙasa.

"Cire takalmi. Tsaya jikin bangon nan."

Na tsaya. Ya zaro allin bayan kunnensa ya ja ɗan layi a bango daidai saman kaina, ko mayafina bai taɓa ba. Ya ce in matsa. Ya sa tef daga ƙasa, tef ya ƙare bai kai layin ba, ya dangwala yatsa ya ƙara.

"Sittin da uku," ya faɗa wa bangon, ba ni ba. Ya shimfiɗa tef ɗin a daɓen banɗakin, daga ƙurya zuwa ƙofa. Sittin cif, abin da yake ta alfahari da shi. Ya daɗe a tsugune yana kallon wurin. "Ko kwanciya ba zai ɗauke ki ba."

Ya miƙe ya kama kwance notin sakatar, ɗaya bayan ɗaya, shida, yana zuba su a aljihu. Ya miƙo min ita ba tare da ya kalle ni ba. Sannan ya shiga ciki ya ja dogon layi da alli a bangon da ya raba banɗakin da sito, daga sama har ƙasa, ya yi masa gicciye.

"Wannan zai tafi. In aka haɗe da siton an samu inci arba'in ƙari. Ƙofar ta bar uwar ɗaka ta koma ta lungu, ta buɗe waje, ba ruwanta da gado. Wurin wanke hannun nan a cire, a nemo mai zagaye a kai shi can ƙurya."

Na ce, "Kekenka fa?"

"Keke yana da shago."

"Labulen da ka zaɓa..."

"Auta, kada ki sa ni magana. Ban huce ba, ki sani. Ba ciwon ne ya ɓata min rai ba, kuma ba yau zan huce ba." Ya goge allin hannunsa a wando, ya fita lungun, ya auna daga inda sabuwar ƙofar za ta tsaya zuwa bango. Ya ja wani ɗan murabba'i a ƙasa. Na ɗauka wurin duro ne.

"Kujerar Umma," ya ce, "faɗinta nawa?"

Gwaggo ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa na nuna masa da hannuwana biyu. Ya sa tef tsakaninsu, ya ce sha huɗu, ya gyara zanen.

"Tsakanin kira da kira fa, minti nawa take bari?"

"Ba ta aunawa," na ce da ƙyar.

"Ni zan auna."

A daidai nan muka ji ƙarar kofuna a kan tire daga ƙasa, da muryar Mama tana hawowa, tana nishi tana dariya. "Ina amaryar tawa? Kai kuma gudumar me na ji kana ja? Kada dai ka ce min wani abin za a sake fasawa!"

Gwaggo ta damƙi hannuna, farcenta har cikin fatata, tana girgiza min kai. Tela ya kalli layin da ya ja a bango, wanda ba yadda za a yi Mama ta shigo ba ta gan shi ba. Sannan, karo na farko tun da na buɗe ƙofar, ya kalle ni ido cikin ido.

"Ba zan yi wa mahaifiyata ƙarya ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni zan faɗa mata, ko ke?"

Ina ƙirga takunta. Tana matakala ta tara. Na zare hannuna daga na Gwaggo a hankali, na goge fuskata da bakin mayafi, na ƙara damƙe sakatar a tafina.

Na ce, "Ni."